Sodangi Wanzami Ya Rataye Ƙaho

A garin Gangara, cikin ƙasar Sabon Birni, da wuya a nuna magidancin da askar Sodangi ba ta taɓa bi ta kansa ba. Wanzanci gado ne a gidansu. Zabirar da yake ratayawa ma ta mahaifinsa ce, fatarta ta yi baƙi ta yi santsi saboda daɗewa a hammata. A cikinta akwai asake, da dutsen wasa su, da 'yar tsaga, da ƙahonin da hannu ya goge har suna ƙyalli. Mutum ne dogo, siriri, mai zanen Gobirawa a kumatu, ba mai yawan magana ba. Abin da ya fi alfahari da shi a duniya shi ne hannunsa. Mata sukan ce idan ya zo askin suna, jariri yakan yi ta barcinsa tun daga bismilla har a share kan tas, bai ko motsa ba. Sodangi bai taɓa faɗin haka da bakinsa ba, amma bai taɓa musantawa ba.

Gajiyar ta shigo masa ne ba sallama, a ƙarshen wata damina bayan an yanke gero. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai, ba inda zai ɗora yatsa ya ce nan ne. Sai dai ya kwanta da gajiya ya tashi da ita, kamar wanda ya kwana yana huɗa. Zabirar da ya saba sabawa a kafaɗa bai san da ita ba, ta koma kamar an cika ta da yashi. In ya ɗago daga ruku'u sai ya ga masallaci yana juyawa. Tsakanin gidansa da gindin bedi, wato bishiyar darbejiyar da yake zama aiki, ba wata tafiya ba ce, amma sai ya tsaya a hanya, ya duƙa ya cire takalmi yana dubawa kamar ƙaya ta soke shi, har numfashinsa ya dawo.

Matarsa Tasalla ta gani tun da wuri. Ta ga furar da ake dawo mata da rabi, ta ga yadda yake dafa bango kafin ya miƙe. Ta san halin mijinta: in an ce masa ba shi da lafiya, ranar zai ɗauki fartanya ya tafi gona don ya ƙaryata mutum. Saboda haka ta bi shi da hikima. Ta dai matso da randa kusa da ƙofar ɗakinsa, ta riƙa ajiye buta cike da ruwa inda hannunsa zai kai, ta daina aiken da zai sa shi tashi.

Shi kuwa Sodangi yana ganin ya san cutarsa, domin ita yake yi wa mutane magani tun yana saurayi. Kowace kaka manoma sukan yi layi a gabansa, bayansu a sage, jikinsu a mace. Ya kafa musu ƙaho a ƙeya da kafaɗu, ya zuƙe iska ya liƙe bakin, ya tsattsaga, ya fitar da mataccen jini, su tashi suna miƙa suna sa masa albarka. A iliminsa, gajiyar da ta ƙi tafiya mataccen jini ne. Sai ya kira ƙanensa Jibrilla, wanda shi ma wanzami ne, ya tuɓe riga ya ba shi baya.

A yammacin ranar ya ji sakayau, ya ci tuwo har da ƙari. Kwana kaɗan gajiyar ta dawo, ta fi da nauyi. Sai ya ce ai saura ya rage, ya sake kiran Jibrilla. Haka aka yi ta yi har rani ya tsaya, ƙaho na bin ƙaho, ƙeyarsa da bayansa duk sun cika da tabo.

Wata rana Jibrilla ya juye ƙahon a ƙasa, ya tsaya yana kallon abin da ya fito.

"Yaya, wanga jini bai yi kama da matacce ba. Dubi, awa zoɓon da anka cika ma ruwa."

"Ni nik koya maka riƙon ƙaho ko kai kak koya min?" in ji Sodangi, bai ko waiwayo ba. "Ƙara guda nan ƙasan kafaɗa."

Jibrilla ya ƙara. Ƙane ba ya jayayya da wan da ya ɗora masa aska a hannu.

Abin da Sodangi yake tsoro ya faru ne ranar wata Juma'a da hantsi. Yana cikin yi wa wani dattijo gyaran fuska, sai hannunsa ya yi rawa, askar ta ɗan tsaga bayan kunne. Ba wani rauni ba ne, dattijon ma dariya ya yi. Amma Sodangi ya daɗe yana kallon hannun nasa kamar na aro. Ya naɗe tabarma tun kafin azahar ya koma gida.

A gidan kuwa akwai dalilin da ya sa abin ya tsaya masa a rai. Autarsu Mas'uda, wadda ta daɗe da aure ba ta samu haihuwa ba, Allah ya ba ta ciki, har ta dawo gida goyon ciki kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Mijinta Hafizullahi ɗan kasuwa ne, rabin kwanakinsa a Nijar yake yin su. Tun ranar da ta dawo ta faɗa wa uwarta, a inda ta san uban yana ji, cewa askar da ta sauke gashinta ranar sunanta ita za ta sauke na abin da za ta haifa, ba ta kowa ba. A lokacin Sodangi murmushi ya yi. Yanzu kuwa in ya tuna laushin kan jariri, da maɗigar nan da take bugawa a hankali, sai tsoro ya kama shi.

Tasalla ce ta samo dabarar kai shi asibiti. Ta ce lokacin awon ciki ya yi, mijin yarinya ba ya nan, ita ƙafarta na ciwo, hanyar Sabon Birni kuma ba wadda ake sakin mace ita kaɗai ba ce a wannan zamani. Ba yadda Sodangi zai yi, dole ya raka Mas'uda. Suka bi ayarin masu babura da rana tsaka.

A asibitin, Sodangi ya zauna a benci a waje, ya jingina kai da bango, idonsa a lumshe. Sai ya ji murya a kansa.

"La ilaha illallahu! Wace kyanwa ta tay yakushe ma wanga bawan nawa huska haka?"

Ya buɗe ido. Wata malamar asibiti ce, kakkaura, da farar riga. Sunanta Khairat, Bayarabiya ce, amma a Isa aka haife ta, bakinta Gobiranci ne tsantsa. Tsakanin Bagobiri da Bayarabe kuwa akwai wasa tun kaka da kakanni: kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, kowa na faɗa wa ɗan'uwansa abin da ya ga dama, kuma wanda ya yi fushi shi ya ji kunya.

"Ke baiwar gidanmu," in ji Sodangi, ya gyara zama, "wa ya ba ki farar riga? Halan manja da barkono sun ƙare a kasuwa?"

"Sun ƙare, bayinmu Gobirawa sun lashe. Tashi ka gaida uwargijiyarka."

Ya yunƙura don ya nuna mata shi ba na zaune ba ne, sai jiri ya ɗebe shi, ya dafa bango. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta, amma ba ta bar wasan ba. Ta kama hannunsa ta buɗe tafin, ta ja fatar idonsa ƙasa ta duba, abin da ko Tasalla ba ta isa ta yi ba. Da ya sunkuya, ta hangi tabon da ke ƙeyarsa.

"Wa ka yi maka wanga aiki?"

"Ni nis sa. Mataccen jini na."

"Kai dai Bagobiri ba ka da wayo, shi ya sa munka saye ku da arha. Shigo in gani ko akwai ma jinin da za shi mutuwa."

Da wani ne ya faɗi haka, da Sodangi ya saɓa rigarsa ya tafi. Amma wasa ya ɗaure shi. Ya bi ta, aka ɗebi jininsa aka auna. Da sakamako ya fito, ta zaunar da shi, ta rage murya.

"Baba, jininka ya yi ƙasa ƙwarai. Akwai tsutsar ciki da ka shan shi, shekaru kuma na nasu aiki, kai kuma ɗan abin da ya rage kana kwashewa da ƙaho. Ba za ni ce maka sana'arka banza ta ba. Amma kai, yanzu, ba ka da jinin zubarwa."

Ta ba shi magunguna, ta ce ya riƙa cin hanta da wake da zogale, ya dawo a sake dubawa. Sai ya tambayi abin da ya fi damunsa: ko hannunsa zai tsaya kafin Mas'uda ta sauka.

"Allah ya sani," in ji ta. "Ƙarhi za shi dawowa, amma da rarrahe, kuma ba lalle shi dawo duka ba. In ka ji gajiya, ka zamna. Umurnin uwargijiyarka na."

Da suka koma gida, Sodangi ya zare ƙahonin daga zabira, ya zura su a igiya ya rataye a bangon zaure. Mai son ƙaho, ya ce, ga Jibrilla nan.

Daga nan ya shiga koyon wani abu da bai taɓa koya ba, wato auna ƙarfinsa kamar yadda ake auna hatsi a ƙarshen rani. Ya lura da safe ne jikinsa ya fi yarda da shi, sai ya mayar da aski safiya kawai, a ƙofar gida, bayansa jingine da bango. In rana ta ɗaga ya shiga ya kwanta, ko da akwai mai jira. Da farko kunya takan hana shi barci, yana jin kamar duk garin na leƙensa. Tasalla sai ta ɗauko tabarmarta ta shimfiɗa kusa, tana ɓarar gyaɗa tana ba shi labarin mutanen da, har idonsa ya rufe. Hanta kuwa, ta sayar da 'yar akuyarta don kada ta yanke, ta ce masa wai akuyar ce ta cika ɓarna. Ya san ba haka ba ne. Ya ci, ya dai riƙa tura mata rabi.

Jirin ya ragu. Ya daina cire takalmi a hanya. Amma gajiyar ba ta tafi ba, ta dai ja da baya ta zauna inda yake hangen ta. Da yamma yakan tsinko ɗanyen duma mai gashi-gashi, irin wanda mahaifinsa ya koya masa aski a kai, ya riƙa sharewa a hankali. Wata rana ya gama ba ƙwarzane, wata rana tun a tsakiya hannun ya soma rawa.

Mas'uda ta sauka lafiya da farkon damina, ta sami ɗa namiji. Ranar suna aka raɗa masa Zainulabidin. Bayan an watse daga addu'a, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Tasalla ta zauna da jaririn a cinya, mata sun kewaye. Mai jego tana ɗaki saboda kunyar ɗan fari, amma labulen ƙofarta ya ɗan karkace. Jibrilla na tsugune a gefe da ƙwaryar ruwan ɗumi.

"Maigida, ka bi min ango a hankali," in ji Tasalla. "In ka yanke shi, sai mun gamu gaban alƙali."

"Wanga mai jan kunnuwa shi na angon? Lalle idonki ya tsuhwa."

Mata suka yi dariya. Ya jiƙa gashin, ya yi bismilla, ya ɗora aska. Hannun ya tafi sumul, gashi mai laushi yana sauka a kan zane. Ya share gefen dama, ya zagaye bayan kunne, jaririn na barcinsa. Da ya doso tsakiyar kai, sai ya ji alamar da ya riga ya sani daga aikin duma: nauyi a kafaɗa, sanyi a yatsu. Rawar ba ta iso ba tukuna, amma tana hanya. Ba wanda ya lura. Da ya so, da ya cije ya ƙarasa, wataƙila kuma a gama lafiya a yaba masa.

Ya ɗaga askar.

"Jibrilla, zo ka ida. Na gaji."

Mata suka dubi juna, domin ba a taɓa jin kalmar nan daga bakinsa ba. Jibrilla ya karɓi askar da hannu biyu. Sodangi ya dubi matarsa ya ce ta miƙo yaron. Ya jingina da turmi, ya karɓe shi, ya tallafi ɗan kan a tafin hannunsa. Duk jariran da ya yi wa aski a rayuwarsa, a cinyar wasu ya same su, bai taɓa jin nauyin ko ɗaya ba. Ashe ba su da nauyi ko kaɗan. Wannan kam hannunsa zai iya.

"Bi ta nan, kauce ma maɗiga," ya ce wa ƙanensa a hankali.

Labulen ɗaki ya motsa, aka ji mai jego tana jan hanci. Jibrilla ya share sauran gashin. Zainulabidin bai farka ba.