Ranar da Na Ƙanƙame Surukina a Sararin Guangzhou

Asabar, bayan asuba

Mun bar masauki a unguwar Xiaobei ƙarfe shida da rabi, gari bai gama wayewa ba. Mu uku ne: ni, da Awudu ɗan zangon Kumasi mai aika wa mutane kaya gida, da Alhaji Sule mai takalma na kasuwar Wambai. Alhaji shi ne mahaifin Hadiza, yarinyar da nake nema. Tun bara nake roƙon a ba ni izinin turo magabata, amsar kullum ɗaya ce, wai Alhaji yana nazari. Sai ga shi ya zo China saro kaya, aka ce ni zan riƙa yi masa jagora. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama.

Ranar Juma'a aka rufe kwantenarsa ta nufi tashar jiragen ruwa ta Nansha. Ni da shegen iyayi na kawo shawarar a kai shi babban filin wasannin da ke kudancin gari, don ya ga irin wayewar mai son zama surukinsa. Na ɗauko Awudu ne musamman don ya zama katanga tsakaninmu, tunda ba a zama kafaɗa da kafaɗa da suruki.

Sanyin Guangzhou jiƙaƙƙe ne, ƙashi yake shiga. Alhaji ya saka rigar sanyi ya ɗora babbar riga, ya ja hula har kunne. Ni kuwa shadda kawai na zura, wai in nuna na saba. Haƙorana ne suka fara tona mini asiri.

A jirgin ƙarƙashin ƙasa

A bakin tasha aka saka jakarmu a na'ura, ma'aikacin ya ciro filas ɗin shayin Alhaji, ya yi masa alama ya kurɓa a gani ko abin sha ne.

"Ce masa bismilla, akwai kofi," in ji Alhaji.

Aikin jagora da surukuta ba sa shiga tukunya ɗaya. Ni na san hanya, amma ba zan wuce gabansa ba. Haka na riƙa binsa a baya ina cewa, "Dama, Baba. Hagu, Baba," kamar mai koya wa wani mota. Mun canja jirgi sau biyu, muka iso takwas saura. Ba a buɗe filin sai tara da rabi. Muka tsaya a bakin ƙofa muna gadin ta kyauta.

A filin wasa

Kuɗin shiga ya haura yuwan ɗari biyu kowane mutum. Alhaji ya leƙa taga ya ce, "Lawban, mu uku ne, farashin sari!" Lawban shi ne maigida da Sinanci. Yarinyar da ke sayar da tikiti ta kaɗa kai ta ce, "Meyo," wato babu. Ya juyo ya ce mini ƙasar nan ta fara lalacewa.

Da rana muka samu benci, ya fito da kilishi da burodi. Awudu ya naɗe hannun riga. Ni na ce na ƙoshi, alhali rabona da abinci tun daren jiya. Wa zai tauna kilishi a gaban uban Hadiza?

Nan ne Alhaji ya hango wani jirgin wasa da ke hawa dogon ƙarfe, ya kifa da mutane kai ƙasa, ya sake wulwulo su. Ya tambaye ni ko na taɓa hawa. Wallahi ko lilon Sallah ban taɓa yarda da shi ba, amma bakina ya riga ni.

"Ai wannan na yara ne, Baba."

"To, mu je mu zama yaran."

Kujerun biyu-biyu ne. Na tura Awudu kusa da Alhaji, na koma baya. Sai ƙarfen da ake sauke wa mutum a ƙirji ya ƙi rufuwa a kan tumbin Awudu. Mutum biyu suka danna, ya ƙi. Aka ba shi haƙuri ya sauka, yana cewa da salon 'yan Kumasi, "Massa, Allah ne ya cece ni." Wata ma'aikaciya ta kamo hannuna ta dasa ni a gurbinsa, ta karɓe mana huluna. Ga ni ga Alhaji, cinya na gugar cinya, kansa a buɗe, kan da ko a Kano ban taɓa gani ba. Kunya kamar in nitse.

Jirgi ya hau a hankali, ƙwas, ƙwas, har na hango rabin gari. Daga nan ya sake mu. Ban san sanda na cafke damtsen Alhaji da hannu biyu ba. Na kira Allah, na kira Innata, sannan da aka kifa mu na buɗe maƙogwaro na ce, "Wayyo Hadiza, na mutu ban aure ki ba!" A kunnen ubanta. Shi kuwa salati kawai yake yi a natse, kamar yana kan tabarmar ƙofar gidansa.

Da muka sauko, sai ga hotonmu a babban allo a bakin fita, Sinawa na nunawa suna dariya. Alhaji ya tsaya ya dube shi da kyau. Mutumin da ya taya tikiti, ya ciro kuɗi ya sayi hoton bai nemi ragin ko sisi ba. Ya zura shi a aljihun babbar riga, muka koma masauki.

Lahadi

Na raka shi filin jirgi. Na durƙusa na yi masa sallama, ya ce, "Madalla." Shi ke nan. Na dawo ɗaki na kwanta, na san na kashe aurena da bakina, har na yi hawaye, ba zan ɓoye ba.

Kano

Bayan mako uku na sauka gida lafiya. Washegari na ja ƙafa zuwa Wambai in gaishe shi, don ko ba aure akwai zumunci. Ina shiga shagon na ga hoton an yi masa firam, an rataye shi saman takalman mata. Maƙwabta suka taso, wani ya ce, "A'a, ga na China!"

Na tsuguna kaina a ƙasa. Alhaji ya bari dariya ta lafa, sannan ya ce, "Duk saurayin da ya zo ƙofar gidana jarumi ne, kowa da fuskar aro. Kai kaɗai na ga taka ta gaskiya, kuma na ji wadda ka tuna da ka ga mutuwa. Ka turo manyanka ranar Juma'a."

Na ce, "Baba, hoton fa?"

Ya ce, "Shi ba ya cikin kayan ɗaki. Nan zai zauna."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Alhaji. Awudu kuma, Allah ya ƙara wa tumbinsa albarka.