Rimgaudas Daubaras, Likitan da Ya Hana Dogayen Yara Wasa

Haihuwa da Karatu

An haifi Rimgaudas Daubaras a shekarar 1958 a garin Telšiai na ƙasar Lithuania. Mahaifinsa Steponas kafinta ne, mahaifiyarsa Bronė kuwa ungozoma ce. A shekarar 1977 ya tafi birnin Kaunas karatun likitanci, inda ya haɗa taura biyu da ba kasafai ake haɗawa ba: da safe yana ɗakin yara a asibiti, da yamma yana buga wa wata babbar ƙungiya ƙwallon kwando.

Aure da Aiki

Ya auri Nijolė a 1982, suka haifi Tautvydas, sannan 'ya'ya mata biyu. Da gwiwarsa ta gaza a 1990, sai ya zama likitan 'yan wasa ƙanana.

Al'adar masu horarwa ce a tsayar da yaro jikin bango ya ware hannuwansa, in faɗinsu ya zarce tsayinsa sai a ce an sami ɗan wasa. Haka Rimgaudas ya riƙa auna ɗansa, yana alfahari da dogayen yatsunsa, alhali shi da kansa ya karanta cewa irin wannan ƙira kan zo da raunin babbar jijiyar zuciya. Da idon ɗan wasa ya kalli yaron, idon likita bai buɗe ba. A watan Maris na 2001 Tautvydas ya faɗi ana tsakiyar wasa yana da shekara goma sha bakwai, bai sake tashi ba.

Shekarun Ƙarshe

Daga nan duk dogon yaron da aka kawo masa sai an duba zuciyarsa, wanda aka ga alamar cutar a jikinsa kuwa sai ya hana shi wasa, ko ɗan waye. Ya sha zagi. Wani uba ya taɓa ce masa, "Likita, kai ka ci moriyar kwando, ɗana kake wa baƙin ciki?"

Ya ce, "Zage ni son ranka, ɗan'uwa, amma ka koma gida da shi da ransa."

Rasuwa

Ya rasu a watan Nuwamba na 2023, aka binne shi a Telšiai kusa da ɗansa. Ya bar matarsa Nijolė da 'ya'ya biyu, Gintarė da Aušrinė. Dogayen mazan da suka ɗauki akwatin gawarsa duk cikin yaran da ya hana wasa ne, kuma kowannensu ya wuce shekara goma sha bakwai.