Gwaggo Kulu da Duwatsun Baraji

Gwaggo Kulu, Allah ya jiƙanta, ba ta fara duban fuskar mutum. Hannu take dubawa. Ka shekara uku a Kwatano wajen bidar kuɗi, ka dawo da sabuwar riga, ka sauko bakin baraji ka durƙusa kana gaishe ta, ita kuwa idonta na kan tafin hannunka.

"Ina dutsinka?"

Gaisuwar ke nan. Sai ka koma tudu ka ɗauko, sannan za ta tambaye ka gajiyar hanya.

Ku da kuka san ta kun riga kun fara dariya, na sani. Amma akwai yaran da suka taso suka iske abin haka, suna tsammanin doka ce ta gwamnati, don haka bari in faɗi asali. Ni ɗan ƙaninta ne, a ɗakinta na tashi. Barajinmu ganuwar ƙasa ce aka ja, ta tare ƙoramar da ke gangarowa daga tudu ta wajen hanyar Matankari. Mutanen purje, masu aikin raya karkara, suka gina, suka yi jawabi, suka ce mu kula da abinmu, suka shiga mota. Aka kafa kwamiti. Kwamiti ya zauna, ya ci shinkafa, ya watse. Ruwa kuwa bai watse ba. Kullum iska na kaɗo shi yana lasar ganuwa, shanu na zabtare gefenta, damina na yanka mata tsaga. Kuma a ƙarƙashin ganuwar nan garakenmu na noman rani suke, da unguwar gangare, wadda ɗakin Gwaggo ne na farko a cikinta.

Wata safiya ta ɗauki tiren soyayyen kifinta ta koma gindin bedin, wato darbejiyar da ke bakin hanyar shiga, ta kafa sharaɗi. Mai wanka, mai wanki, mai kamun kifi, mai shayar da dabba, har mai zuwa shan iska kawai, kowa dutse ɗaya, ya jera shi a fuskar ganuwa inda ruwa ke ci. Dutse dai a Arewa ba mu roƙon kowa. Wani ɗan kwamiti ya zo yana hura hanci, ya ce mata, "Kulu, wa yan naɗa ki?"

Ta ce, "Tsoro yan naɗa ni. In wagga ganuwa ta hwashe, ni ruwa za shi hwara iskewa, ba kwamiti ba. Ina dutsinka?"

Ya koma ya ɗauko.

Yara ma da dutse take auna su. Wanda ya kawo ɗan ƙarami kamar ƙwan zabo, iyakarsa gwiwa. Wanda ya iya cicciɓo mai girman kan akuya, ta yarda ya yi iyo, amma gefen rairayi, inda idonta ke kaiwa. Tana da ƙaton gora ɗaure da igiya a reshen bedi, don jefa wa wanda ruwa ya ja, kuma ita kanta ban taɓa ganin ruwan ya wuce mata idon sawu ba. In an yi mata tsiya sai ta ce ita da ruwa maƙwabta ne, ba abokan wasa ba.

Babana, ƙaninta, shi ne ya fara gwada mata wayo. Baba mutum ne mai son inuwa. Wata ran da rani ya zagaya ta baya, ya zare dutse daga jikin ganuwa, ya ɓullo ta hanya yana nishi kamar daga kan tudu ya ɗauko shi. Gwaggo ta karɓa, ta juya shi, ta dube shi kamar mai duba jariri.

"Wanga ai na Bibata na, shekaranjiya tak kawo shi. Haba ɗan'uwana, kai ko sata ba ka iya ba? Cikin wanga rani ka kawo min dutsi jiƙaƙƙe, har da gansakuka?"

Ranar nan duwatsu uku ya kawo, ɗaya bayan ɗaya, mata masu wanki suna yi masa guɗa.

Rigimar da ta fi daɗi ita ce ta Malam Sanusi da Inna Zabaya. Sanusi lokacin saurayi ne mai shago, ya dawo daga karatu da wando ɗangalalle da zafin wa'azi. Ya ga mutane suna ajiye duwatsu a bakin ruwa, sai ya ce sadakar doguwa ce, aljanar ruwa, shirka ce tsagwaronta, shi ba zai ɗauka ba. Inna Zabaya kuwa, mai bori, ta ji haka sai ta ce ƙwarai kuwa, doguwar baraji ce ta nema, ita ma an faɗa mata. Kowannensu ya zo wurin Gwaggo yana son ta ba shi gaskiya. Ta ci gaba da juya kifinta, ta ce wa Sanusi, "To kai kawo naka da bisimilla mana, ka ɓata ma doguwa rai."

Ta juya wajen Zabaya ta ce, "Ke kuma, tunda kuna magana da ita, hwaɗa mata ta riƙa ɗauko nata. Cikin ruwan take kwana, ban taɓa ganin ta kawo ko tsakuwa ba."

Daga nan Sanusi da samarinsa suka kama ganuwa ta gabas, suna jerawa da bisimilla da ƙarfi don a ji. Zabaya da matanta suka kama ta yamma. Aka shiga gasa, kowa na son gefensa ya fi. Kafin damina suka haɗu a tsakiya, suna hararar juna. Gwaggo ba ta taɓa sasanta su ba, kuma ina zargin da gangan ne.

Da baraji ya yi suna, mutanen Dogon Dutsi suka fara zuwa ranar Lahadi da tabarmi da shayi, amare da angwaye suna ɗaukar hoto. Wata Lahadi wani babban ma'aikaci ya sauko daga mota cikin shadda mai maiƙo, hannuwansa a baya. Gwaggo ta yi masa tambayar da take yi wa kowa. Direbansa ya rugo yana zare ido, ya ce, "Tsohuwa, kin san ko wane na?"

Ta ce, "Na gani. Mai hannu biyu na. Biyu za shi kawowa."

Mutumin, Allah ya yi masa albarka, ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya naɗe hannun riga ya hau tudu. Tun daga ranar, duk motar da ta fito Dogon Dutsi zuwa baraji, in ka buɗe bayanta za ka ga kwanon abinci a gefe, duwatsu a gefe.

Bara da damina ciwo ya kwantar da ita. Ruwa ya yi yawa, baraji ya cika har baki, gindin bedi babu kowa. Na zo dubiya daga Dogon Dutsi da ledar lemu. Ta dubi hannuna, ta dubi lemu, ta juya fuskarta bango. Na fita da kunya na samo dutse, sannan ta amsa sallamata. Labari ya zaga gari, aka daina kai mata fura da goro. Kowane mai dubiya sai ya shigo da dutsensa ya ajiye a tsakar gida, ita kuma tana kwance tana jin ƙarar faɗuwarsa, tana cewa wannan na kirki ne, wancan na rowa ne. Tsibi ya tashi har akuyoyi suna hawa. Muna dariya, amma ni na ga abin da ke cinta. Kullum tambayarta ɗaya ce, wa ya duba ganuwa yau. Tsoronta kada abin ya zama nata ne ita kaɗai, ya bi ta kabari.

Ranar da ta cika, da safe ne, bayan an sha ruwa mai ƙarfi. Muna dawowa daga maƙabarta masu garake suka tare mu, suka ce ruwan ya yanka tsaga a bayan ganuwa, daidai saitin unguwar gangare. Babu wanda ya yi shela. Malam Sanusi, wanda ya yi mata salla, ya tuɓe babbar rigarsa ya shiga gidan ya cicciɓi dutse. Inna Zabaya, da tsufanta, ta ɗora ɗaya a ka. Baba ya ɗauki biyu, busassu. Jama'ar gaisuwa suka bi, layi tun daga ƙofar ɗakinta har baraji. Kafin la'asar an cike tsagar da kayan dubiyarta.

Dutse ɗaya ya rage, wani mai faɗi mai kyau. Na ce a kai shi kabarinta a yi alama. Baba ya riƙe min hannu.

"Kul. Ta hwaɗa min tun shekaranjiya. Tac ce kar a ɓata dutsi ko guda bisanta, ita ba ruwa za ta tarewa ba."

Muka yi dariya, dariyar da ta ƙare da kuka. Muka kai shi ganuwa. Kabarinta dai fasasshiyar tukunya ce alamarsa, kamar na talakan da ke gefenta.

Makon jiya na je gida. Na ajiye babur a gindin bedi, goran nan na rataye da sabuwar igiya, jikar Bibata na soya kifi a wurin. Na yi mata sallama, yarinyar da aka haifa a gabana, ba ta ko dubi fuskata ba. Na buɗe jakata na nuna mata dutsena, sannan ta ce sannu da zuwa Kawu.

Allah ya jiƙan Gwaggo Kulu, ya yafe mata kaifin bakinta. Duk dutsen da ta sa muka ɗauka muna gunaguni, Allah ya ɗora mata shi a mizani. Ta tsare mu daga ruwa tana tsoronsa, ya Allah ka shayar da ita wanda babu tsoro a cikinsa. Amin.