Baƙon da Ya Sha Iskar Baba

Akwai wata Laraba da ko na tsufa tukuf ba za ni manta da ita ba, don a ranar ne na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, kuma ni na jawo wa kaina.

Mahaifina manomi ne a Sabon Birni. Tari ya daɗe yana cinsa, har ta kai ko alwala ya yi sai ya zauna ya huta. Da muka kai shi Sakkwato, likita ya ce huhun ya gaji, sai an riƙa ƙara masa iskar oksijin a gida. Ya zayyana mana hanyoyin. Akwai inji mai tace iskar da kansa, amma sai da wuta. Akwai babbar tukunya ta ƙarfe da ake cikowa, akwai kuma 'yar ƙarama da ake ratayawa idan za a fita. Inji dai mun saya, amma ina wutar? Sai ya zama abin ɗora buta. Muka dogara ga manyan tukwane biyu, ɗaya na aiki ɗaya na hanyar ciko, ƙaramar kuma ta zuwa masallacin Juma'a. Likita ya ja kunnena: kada wuta ta kusanci ɗakin, kada kowa ya murɗa makunnin ya wuce inda ya saita.

Mai ɗawainiyar ciko shi ne mijin ƙanwata, mai walda ne, shagonsa na kallon ƙofar gidanmu. Shi ke ɗaure tukunya a bayan babur ya kai ta garin Isa, mota ta wuce da ita Sakkwato. Duk wanda ya san hanyar nan a shekarun nan ya san da ransa yake wasa, saboda 'yan bindiga.

Da farko tukunya kan yi mana kwana shida. Kwatsam ta koma huɗu, ta koma uku. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, mutum ne mai saurin zargi, ko alli ya ɓace a ajin da nake koyarwa sai na tsare yara da ido. Na shafa ruwan sabulu a bakin tukunyar ko tana yoyo, ban ga kumfa ba. Na tambayi Baba, ya ce shi mi ya sani game da kayan Nasara. Na koma ina yi wa agogon tukunyar alama da biro kafin in tafi makaranta. In na dawo bayan azahar sai in tarar hannun ya faɗi ƙasa sosai, alhali da hantsi Baba ba ya saka robar shaƙar iskar a hanci, zama kawai yake a ɗakinsa na bakin zaure.

To wa ke buƙatar oksijin a unguwar nan ban da mara lafiya? Mai walda! Da ita suke yanka ƙarfe. Tun da wannan tunani ya shige ni, komai surukina ya yi sai in ga shaida. Ya yi sabon ƙyaure, na ce da iskar Baba. Ya gaishe ni da fara'a, na ce borin kunya.

Ran wata Litinin tukunya ta ƙare ƙaf, ga hanya ta ɓaci, ba motar da ta fito daga Isa. Wuni guda Baba na kan 'yar ƙaramar, muna kunnawa muna kashewa. Leɓɓansa suka yi duhu, yana jan numfashi kamar mai hawan tudu da kaya. Wallahi na tsorata, na zaci ranar za mu rasa shi. Da la'asar surukina ya iso da cikakkiya, duk ya yi butu-butu, ashe ta wata ɓarauniyar hanya ya bi. Maimakon sannu, sai na tare shi a gaban shagonsa, mutane na ji.

"Kai, ka ji tsoron Allah! Iskar tsoho kaka yanka ƙarfe da ita?"

Ya dube ni, idonsa ya kaɗa. "Yaya, ni?"

"Kai fa. In ba kai ba, wa?"

Ya dubi ƙofar Baba, ya sunkuyar da kai. "Allah ya huci zuciyarka, Yaya," kawai ya ce. Ni kuma na ɗauki hakan a matsayin amsa laifi.

Ranar Laraba na shirya kama shi. Na fita kamar kullum, na bar babur a makaranta, na dawo da ƙafa ta bayan gari da hantsi. Tun daga zaure na ji tukunya na huci da ƙarfi fiye da yadda na saba ji. Na ce yau ƙarya ta ƙare. Na bankaɗa labulen.

Ba surukina ba ne. Wani tsoho ne kwance a kan shimfiɗar Baba, ƙashi da fata, robar a hancinsa, sandarsa da malfarsa a gefe. Baba kuwa na zaune a ƙasa kan buzu, yana yi masa fifita, shi kansa yana haki. Sai da na ƙura ido na gane shi. Bafulatanin da ya yi kiwon shanunmu tun ban san kaina ba, wanda matarsa ke kawo mana nono ina yaro. Rikici ya tashe su daga rugarsu ta wajen Gatawa, shanun sun tafi, ya raɓe a wani kango a bakin gari. A lokacin ko a kasuwa aka ga irinsa sai an bi shi da kallon zargi, shi ya sa yake lallaɓowa in unguwa ta yi shiru.

Na dubi makunnin, an murɗe shi har ƙarshe.

"Baba! Wa ya taɓa wanga abu? Likita bai hana ba?"

"Ni na taɓa," ya ce, yana tsayawa tsakanin kalma da kalma. "Baƙo a ba shi kaɗan? A gidana?"

"Baba, wannan ba fura ba ce. Shekaranjiya saura kaɗan ka tafi!"

"Na sani. Ya zo dubiya, na ji ƙirjinai na kuka irin nawa. In zauna ina sha, shi yana kallo? Ban iyawa. Ban taɓa cin abinci gabanai ban ce bismilla ba."

Tsohon ya kai hannu zai cire robar, yana ba ni haƙuri, yana kirana da sunan da yake kirana ina yaro. Na riƙe hannunsa na mayar. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba.

"Mijin ƙanwarka ya sani," Baba ya ƙara. "Shi ka shigo da shi kullum. Ni na ce kada ya gaya maka, don na san halinka."

Wannan kalma ta ƙarshe ta fi mari zafi. Na fita na tsallaka titi. A inda na tsaya na zage shi, a nan na tsaya na roƙe shi gafara, da ƙarfi, don waɗanda suka ji na farko su ji na biyu. Ya ajiye abin waldarsa ya ce, "Haba Yaya, ya wuce. Sai dai a san yadda za a yi, don tukunya ɗaya ba ta riƙe su su biyu."

Shi ya kawo shawarar a haɗa sola da batir a tayar da injin nan da ke kwance. Ya ƙera mata ƙafafu a kan rufi da hannunsa. Muka kai tsohon asibiti aka auna shi, aka rubuta masa nasa ma'aunin, aka kuma gargaɗe mu cewa yawan iskar ma na iya cutar da mai irin ciwon. Daga nan Baba ya koma kan inji da rana, abokinsa na kan tukunya, ɗaki ɗaya, suna hira da 'yan guntayen kalmomi. Tsohon bai kai kaka ba ya rasu, a ɗakin, Baba na riƙe da hannunsa.

Abin da na koya shi ne, in zuciyata ta nuna mini ɓarawo, in tsaya in yi tambaya da bakin da mutum zai iya ba ni amsa. Mutum biyu da suka fi kusa da ni sun gwammace ɗaya ya sha zagi, ɗaya ya rasa numfashi, da su gaya mini gaskiya. Laifin ba nasu ba ne.