Haƙarƙarin Gitar Cocinmu

Maƙwabciyata a nan Ungogo ganda take dafawa ta sayar. Duk ranar da ta ɗora tukunya, warin dafaffiyar fata yakan tsallako katanga ya same ni a kan keken ɗinki, sai in ga ƙafata ta tsaya. Ba ƙyama ba ce. Warin ne yake mayar da ni gidanmu na ƙauye, shekarar da aka buɗe cikin gitar cocinmu. Zan ba ka labarin bi da bi, don ba na son a fara magana daga tsakiya.

Da farko ka san yadda gidan yake. Babana kafinta ne, yana yin ƙyaure da benci da akwatin kaya. Shi ya fara zama Kirista a gidanmu, Inna ta bi shi, aka haife ni a ciki. Kakana, mahaifin Baba, bai bi ba. Makaɗin garaya ne, da hannunsa yake sassaƙa ta ya ja mata fata, kuma duk inda za a yi bori a ƙauyukan da ke kewaye da mu, shi ake aiko wa. Ɗakinsa yana ƙarshen gida, dangar kara ce ta raba shi da rumfar aikin Baba.

Baba ɗan fari ne, saboda haka Kaka bai taɓa kiran sunansa ba, ba ya kuma yi masa doguwar magana ido da ido. Wannan kunya ce da kowa ya sani. Amma da addini ya shiga tsakaninsu, kunyar ta yi kauri ta koma wani abu daban. Gaisuwar safe kaɗai ta rage. Sauran magana ni nake ɗauka.

"Amaryata," haka yake tsokanata, "gaya wa uban naki akuya ta shiga gyaɗarsa."

Sai in juya in faɗa, ko da Baba yana tsaye yana ji. Shi kuma ya ce, "Ki ce masa na gode."

Na biyu, gitar. Wani ɗan garinmu da ya yi soja ne ya kawo wa coci ita. Fara ce, ba ta da nauyi, kana taɓa ta take amsawa da kaifi. A wata damina rufin coci ya yi yoyo a kanta. Fuskarta, wato siririn katakon nan mai rami da tsirkiyoyi suke bi ta kansa, ta lotsa, in an girgiza ta kuma sai ka ji abu yana yawo a ciki. Dattawan coci suka kawo wa Baba, suka ce suna son ta kafin Kirsimeti.

Baba ya ɓanɓare fuskar a hankali. A bayanta akwai wasu siraran itatuwa, duk sun saki, wasu sun kakkarye. Ya share su ya zuba a murhu. Sannan ya yi abin da ya iya: ya yanko katakai masu kauri ya gicciya su a bayan fuskar, yadda ake ƙarfafa ƙyaure, ya liƙa da farin gam na kanti. Aikin ya yi ƙarfi, ko yaro ya zauna a kai ba zai lotsa ba. Saurayin da yake kaɗa wa coci ya zo ya gwada a rumfa. Sautin ya fito kamar ana ƙwanƙwasa akwati. Ya ajiye ta, ya yi sallama, ya tafi. Ranar Baba bai taɓa tuwonsa ba.

Washegari murya ta fito ta bayan danga. "Amaryata, gaya wa uban naki ƙofa ya yi, ba abin kiɗa ba. Ya kawo in gani."

"Ki ce masa kayan coci ne," in ji Baba.

"Ki ce masa ni ma ban ce zan yi mata wa'azi ba."

Baba ya ci gaba da aikinsa. Amma da zai tafi gona, ya sake buɗe gitar, ya cire katakan nan, ya bar fuskar a kife a kan benci, bai rufe ta da komai ba. Ban taɓa ganin Kaka a rumfar nan ba sai ran nan. Ya ɗaga fuskar ya karkata ta ga rana, ya daɗe yana kallo. Sannan ya nuna mini wasu layuka masu duhu inda tsohon gam ya kwanta. Sun taso daga ƙasan ramin sun bazu zuwa gindi, kamar yatsun hannu a buɗe.

"Kin gani? Wanda ya yi ta ya bar sawunsa. Haƙarƙarinta ne uban naki ya dafa tuwo da shi."

Na uku, aikin kansa, kuma har yau ina iya jera shi. Kaka ya ce ba za a liƙa komai ba sai an gama girbi iska ta bushe, don itacen da aka ɗaure da ruwa a jikinsa zai tsage in rani ya shiga. Aka jira. Ya sa aka kawo wani tsohon akwatin farin katako, ya ce kada zarto ya taɓa shi, a tsaga shi da wuƙa ya bi jijiyarsa, a fitar da sabbin haƙarƙari. Ya ƙi farin gam, ya ce in ya bushe roba yake zama, yana shanye sauti. Ya kawo guntayen fatar da suka rage masa, ya yayyanka, ya jiƙa, ya dafa su a ƙaramar tukunya da aka zaunar cikin ruwan zafi har suka narke kamar zuma. Warin ya kama gidan duka, Inna ta yi ta mita.

Ranar liƙi aka shanya fuskar ta ɗauki ɗumin rana. Haƙarƙarin tsakiya aka fara sawa, sannan na dama da na hagu, bi da bi, kowane a kan sawunsa. Gam ɗin fata ba ya jira, yana hucewa ya daskare. Kaka yana shafawa yana ɗorawa, Baba yana lanƙwasa tsumagun geza yana tokare su tsakanin itacen da ƙasan benci, su danne shi. Ni ina tsaye da tukunya. A na kusa da gefe, itacen ya zame. Babu lokacin aika saƙo ta bakina.

"Riƙe nan, yaro," in ji Kaka. "Danna. A'a, a hankali."

"To, Baba."

Daga ɗakin girki na ji Inna ta tsayar da taɓarya, can kuma ta ci gaba da daka.

Bayan ya bushe sai sassaƙa. Kaka yana rage kowane haƙarƙari da wuƙa da fasasshen kwalba, yana sirantar da bakinsa, ya ɗaga fuskar kusa da kunne ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya miƙa wa Baba shi ma ya saurara. A kwanakin nan sun yi maganar itace, suka zarce maganar iyakar gona, har wata rana na ji suna dariyar wani jakin da suka taɓa yi tun Baba yana yaro. Ni aikina ya ƙare, na kuwa ji daɗin ƙarewarsa.

Ran Kirsimeti gitar ta yi magana fiye da da. Cocin ba shi da nisa da gidanmu. Da muka dawo, Kaka yana zaune a ƙofar ɗakinsa, ya ce wa Baba kai tsaye, "Na ji ta."

Na huɗu shi ne abin da ya sa nake ba ka labarin. A ƙauye ba a dafa fata a ɓoye. Magana ta zaga cewa hannun mai garayar bori yana cikin gitar coci. Wata rana da la'asar babban dattijon coci ya zo rumfa. Ba mugun mutum ba ne. Shi ma daga gidan bori ya fito, da wahala ya fito, yana kuma tsoron duk abin da zai ja mutane baya. Na kawo masa ruwa, ya sha, ya gyara zama.

"Ɗan'uwa, ana cewa tsohon ya sa hannu. Ana cewa fatar yankan iskoki aka narkar a ciki. In haka ne, ka sani ba za ta sake shiga coci ba, kai ma sai an zauna a kanka. Faɗa mini gaskiya in huta."

Kaka yana bayan danga yana tufkar igiya. Ina ganin ƙafafunsa ta tsakanin kara. Baba ma yana gani.

"Aikina ne," in ji Baba. "Ni kaɗai na yi. Tsohon me ya sani game da gita?"

Dattijon ya ce madalla, ya yi addu'a, ya tafi. Ƙafafun nan ba su motsa ba. Igiyar ce kawai ta daina juyawa.

Ba a yi faɗa ba, ba a tayar da maganar ba. Da safe Baba ya je ya durƙusa ya gai da Kaka, shi kuma ya amsa. Shi ke nan. Ban damu sosai ba da farko, na ɗauka za a koma aikena kamar da. Na jira, shiru. Har na je na tambaya, "Kaka, yau babu saƙo?"

"Babu, amaryata. Kin huta."

Akuya ta sake shiga gyaɗar Baba, Kaka yana kallo, bai aika ba. Haka suka zauna har ya rasu bayan 'yan damina, aka binne shi a gefen gonarsa yadda mutanensa suke yi. Ban san ko gitar Baba ya so ya ceta ba, ko sunansa. Ban tambaye shi ba, a gidanmu ba a yi wa uba irin wannan tambaya. Abin da na sani shi ne, maganar farko ta ishe shi tsira. Ta ƙarshen nan, wadda ya ce tsohon me ya sani, babu wanda ya nemi ya faɗe ta.

Yanzu komai ya canja. Gonakin da ke bayan coci sun zama gidaje, coci ya sayi janareta da lasifika. Bara na je gida lokacin bikin godiyar girbi. Sabon fastonmu matashi ne mai karatu, ya ce lokaci ya yi da za mu yabi Ubangiji da kayan kakanninmu. Aka ɗauko mai garaya daga wani gari, aka zaunar da shi a gaba kusa da bagade. Mutane suka tashi suna tafi, matasa suna ɗaukar sa a waya. Ba na cewa sun yi laifi.

Baba shi ne babban dattijo yanzu, kujerarsa tana sahun farko, kuma tunda nake ban taɓa ganin ya fita ana tsakar sujada ba. Ya dafa sandarsa ya miƙe, ya bi ta tsakiyar mutane ya fita. Na bi shi. Na same shi a bayan coci, ya jingina da bango, kiɗan yana fitowa ta taga.

"Baba, jikin ne?"

Ya girgiza kai. Ya ƙara saurara kaɗan.

"Fatar garayar ba ta ja ba," ya ce. "Wannan bai iya ba."

Na tsaya kusa da shi har aka gama. Bai koma ciki ba, ni ma ban ce ya koma ba.