Yatsun da Siminti Ya Cinye

Birkila mutum ne da zama ba ya karɓarsa. Ko gidan gaisuwa ya je, idonsa na kan bango yana neman inda aka karkace. Shekara talatin da ɗaya ke nan da ya tsallako iyaka yana saurayi, da cokalin gini a cikin buhu. A nan ya yi aure, a nan ya haifi 'ya'ya biyar, ya binne biyu. Can inda ya baro babu abin da ya rage masa sai kabarin mahaifiya.

Abu biyu aka san shi da su a wurin aiki. Ba ya sa safar hannu, don a cewarsa cokali maƙaryaci ne, yatsa ne ke faɗin gaskiyar kwaɓi. Sannan duk ɗakin da ya gama wa filasta, sai ya durƙusa a bayan ƙofa, can ƙasa inda ido ba ya kai wa, ya danna babban yatsansa a ɗanyen siminti. Bai iya rubutu ba, sa hannunsa ke nan.

Takardar zamansa ba ta taɓa ɗaga masa hankali ba. Sau ɗaya a shekara yakan leƙa ofishin ƙwadago, wata mata mai tabarau ta buga masa hatimi, ta tambaye shi ya yara. Sai bana gwamnati ta wayi gari ta ce batun baƙi batun tsaro ne. Aka kwashe takardunsu kaf aka mayar ofishin tsaro, aka ce kowa ya je ya ɗora yatsa a na'ura ya karɓi sabon kati, wanda ya rasa kuwa a raka shi iyaka. Mutumin da ko tsinke bai taɓa ɗauke wa wani ba, sai ga shi a layin waɗanda ake zargi.

Ranar da ya je, sau uku aka caje shi kafin ya shiga. Yana shiga ya gane ɗakin. Shi da abokan aikinsa suka gina shi a shekararsa ta biyu da zuwa, lokacin rumbun ajiye littattafan makaranta ne. Ya ƙarasa gaban na'urar, ya miƙa hannu. Jami'in, wani matashi sa'an ɗansa na fari, ya ɗora babban yatsa a kan gilashi, na'urar ta nuna ja. Ya gwada manuniya, ja. Haka suka bi yatsu goma ɗaya bayan ɗaya.

Jami'in ya juya tafin hannun yana dubawa. Kan yatsun sumul suke kamar bayan cokali.

"Baba, me ka yi wa yatsunka?"

"Aiki, yallaɓai."

"A horon da aka ba mu an ce masu laifi ne ke goge zanen yatsunsu da gangan." Ya sassauta murya. "Je ka, na ba ka kwana goma sha huɗu. Kada ka taɓa siminti, wataƙila zanen ya dawo. In ta sake ƙi, maganarka ta fi ƙarfina, sai sama."

Kwana goma sha huɗu! Da bulala goma sha huɗu aka yanke masa da ya fi godiya. Matarsa ta karɓi ragamar jinyar. Safe da yamma sai ta lafta masa man shafawa, ta zura masa safar ƙafa a hannu biyu, ta zaunar da shi a kan tabarma. Kafin ta juya ya miƙe. Ya je ƙofar gida, ya dawo. Ya kunna rediyo, ya ji ana ta maimaita tsaro, tsaro, ya kashe. Ya ƙirga tsagun bangon tsakar gida ya samu bakwai, ya sake ƙirgawa ya samu tara.

"Malam, ka zauna mana, kana sa ni jiri," in ji ta. "Ka zama kamar kazar da ke neman wurin ƙwai."

"Ke ba ki ga bangon nan ba ne?"

"Na gan shi shekara goma, bai faɗo mini ba. Kai ne nake tsoron a ɗauke mini."

Wannan maganar ta zaunar da shi, har kusan rabin awa. Tsoro ya ji na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba ko a saman bene mai hawa huɗu.

A kwana na goma sha ɗaya ta ja hannunsa cikin rana ta ƙura ido. Ga wasu siraran layuka sun fara ɓullowa a babban yatsa. Ta yi hamdala har da ƙwalla, ta ɗauki kwando ta nufi kasuwa.

Ba ta daɗe da fita ba ya jiyo ƙarar shebur daga gidan maƙwabciyarsu, wata tsohuwa da mijinta ya rasu, tana gyaran ɗakin da za ta tare a ciki. Daga ƙarar kawai ya san yashi ya yi yawa. Ya toshe kunne, ya kasa. Ya ce bari ya leƙa, kallo kawai zai yi. Ya tarar da wani mai kwaikwayon gini yana manna wa baiwar Allah kwaɓin da ruwan farko zai wanke. Ya cire safa ɗaya don ya murza ya nuna masa. Hali zanen dutse. Da la'asar matarsa ta same shi a kan tsani, siminti har gwiwar hannu, bango biyu sun sha filasta suna sheƙi.

Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Ta ajiye kwandon ta ce, "Bangonta ya tsaya, Malam. Mu fa?"

Ranar komawa ta raka shi har bakin ƙofar ofishin, aka ce ta jira a waje. Ja. Ja. Ja. Matashin ya sauke numfashi ya jawo wata takarda.

"Yallaɓai, dakata," in ji Birkila. "Zanen yatsana yana cikin ɗakin nan."

Kafin a hana shi ya durƙusa a bayan ƙofa, ya ture kwandon shara. Ga shi nan kuwa, inda mai fenti bai kai ba: ɗan rami, da layukansa raɗau, na shekara ashirin da tara. Murna ta kama shi, bakinsa ya buɗe.

"Ni na yi ɗakin nan! Kun ga nan? Akwai ƙofa a da, mu muka toshe ta, bulo ɗaya ne kawai, ƙwanƙwasa ka ji. Bayanta akwai lungu da ke fita har baya. Bututun ruwa kuma ta nan ya bi..."

Sai ya lura ɗakin ya yi tsit. Matashin ya sunkuyar da kai. Wani babba mai tumbi ya fito daga ciki, ya ƙwanƙwasa bangon, ya ji amon da aka ce zai ji.

"Baƙo, ba shi da zanen yatsa, kuma ya san ɓoyayyiyar ƙofa a ofishin tsaro," ya faɗa a hankali. "Wa ya turo ka ginin nan?"

"Ɗan kwangila, ranka ya daɗe. Ya ce a gama kafin damina."

Haka aka rubuta, ba a rage ko kalma ba. Aka ja jan layi a kan takardarsa, aka zaunar da shi a bencin waɗanda mota za ta kwasa. Ta taga yana hango matarsa a rana, da safar nan biyu a hannunta, tana kai gwauro tana kai mari.

Babban ya nuna bayan ƙofar da ƙafa. "A nemo mai gini yau ɗin nan, a ƙara wa bangon nan kauri, a shafe wannan abin."

Birkila ya ɗago kai daga benci.

"Ranka ya daɗe, a gaya masa kada ya cika yashi."