Sarewar da Daudu Ya Bari

Halliru mai sarewa mutumin wata ruga ne a gindin duwatsun Roni, kuma duk wanda ya san shi zai gaya maka bai iya fushi ba. Sau ɗaya tak aka taɓa ganin ya yi. Ni kuwa har gobe in na tuna dalilin sai raina ya ɓaci.

Shekarar da aka sami 'yancin kai mahaifinsa Daudu ya rasu, ya bar masa shanu da sarewa guda ta gora, mai ƙofa huɗu, an naɗe wuyanta da jar fata. Da ita Daudu yake kiran garke. Da la'asar in an busa ta, ko shanun suna bayan dutse sai su ɗago kai su biyo muryar har gida, maruƙa kuma su koya daga iyayensu. Farin da aka yi a shekarar saba'in da uku ya cinye garken, saura bakwai. Sai Halliru ya koma yin sarewa ta karan dawa yana kaiwa kasuwar Kazaure, kowacce kuwa da muryar ta Daudu yake auna ta.

Yana da ƙa'idarsa ga ɗan koyo. Sai ya kama hannunsa ya ɗora yatsun a kan karan, ya yi alama da gawayi, sannan ya huda da basilla mai zafi, ƙofar 'yar mitsitsiya. Sabon mai busa numfashinsa bai zauna ba, in ka ba shi ƙofa mai faɗi iska kawai zai yi ta zubarwa. Bayan kwana bakwai Halliru zai saurara, ya ɗan ƙara faɗin. "Ƙofa ana ƙara ta," in ji shi, "ba a rage ta."

Da kuɗin man fetur suka zo aka buɗe makarantu ko'ina, sai hedimastan wata firamare, Malam Sama'ilu, ya aiko a kira shi. Saurayi ne mai sabon babur da biro uku a aljihu, irin mutanen nan da ke tambaya amma ba sa jiran amsa. Yana son sarewa ashirin, ɗalibai su busa a faretin ɗaya ga Oktoba. Halliru ya auna yatsun yara ashirin, ya huda, ya ce duk Juma'a zai zo ya ƙara.

A Juma'a ta biyu hedimasta ya ce, "Baba, ka bar mana taka ɗin nan mana, yara su riƙa jin yadda muryar take."

Da ya koma gida ya yi shawara da matarsa Tasalla. Ta ce, "Malam, mutumin da bai taɓa kiwon ko akuya ba za ka ba wa muryar garkenka?" Ya ce ai malami ne, ilimi gare shi. Washegari ya kai ta da hannunsa, a naɗe cikin tsumma.

To, ashe an aiko wa makarantar begila, irin kakakin nan na soja, daga Kano. Malam Sama'ilu ya busa begila, ya busa sarewar Daudu, ya ji ba su tafi tare ba, kuma sarewar ba ta da ƙarar da za ta cika filin fareti. Shi a ganinsa laifin sarewa ne. Ai ya ga yadda tsohon yake yi, ƙarfe ne da wuta, me ya rage? Ya sa aka kawo ƙusa mai kaurin ɗan yatsa, ya gasa ta a murhun mai ƙosai, ya bi sarewa ashirin ya buɗe ƙofofinsu. Sannan ya ɗauki ta Daudu, wadda ta girme shi, ya zura mata ƙusar nan sau huɗu. Kai, rashin sani ya fi dare duhu.

Ranar Juma'a tun daga bakin shinge Halliru ya ji ɗaliban suna ta fuu, fuu, kamar masu hura wuta. Hedimasta ya fito yana murmushi ya miƙa masa sarewar Daudu. "Baba, na rage maka aiki, har taka na gyara."

Halliru ya juya ta a hannu. Ƙofofin sun yi baƙi, ɗaya ta tsage har cikin fatar. Ya ɗago ya dubi hedimasta.

"Malam, wa ya ce maka ta lalace?"

"Ai ba ta dace da begila ba."

"Begilarka ta taɓa kiran saniya? Shekara arba'in ubana yana busa wannan bai ƙara mata ko ƙwayar gero ba. Kai da ka zo jiya, ka tambayi wa? Amana na ba ka, ka sa mata wuta. Allah ya isa tsakanina da kai."

Malam Sama'ilu ya ce abin bai kai haka ba, in ya je Kano zai sayo masa ta roba, wadda ta fi kyau. Wallahi da ya yi shiru ya fi masa. Halliru bai ƙara ko kallonsa ba, ya kama hanyar ruga, ko sallama bai yi ba.

Tasalla ba ta ce ai na faɗa maka ba. Kakin zuma ta narka masa. Ya zauna a inuwar bukka yana liƙe gefen ƙofofin, ya busa, ya ƙara, ya kankare, ya sake busawa. A kunnen mutum ta kusa komawa yadda take.

Da la'asar ya hau dutsen da ya saba tsayawa. Ga shanun nan bakwai a fadama, a gabansu tsohuwar farar saniya, jikar waɗanda Daudu ya bari. Ya busa kiran. Ya sake. Ya busa na uku har hawaye suka zubo masa. Farar saniyar ta kaɗa kunne ta kori ƙuda, ta ci gaba da cin ciyawarta.

Halliru ya sa sarewar a aljihu, ya sauko, ya karyi reshen sabara. Ranar, karo na farko tun zamanin ubansa, da bulala aka koro shanun gidan Daudu.